Yadda Ake Haɗa Janareta Mai Feda Don Cajin Batir a Zangon Daji

Wanda zai yada zango a daji na wasu kwanaki, nesa da turakun lantarki, yakan tafi da wayar salula da fitila, wani lokaci har da ƙaramin rediyo ko kyamara, kuma dukkansu batir suke ci. Faifan sola yana biyan wannan buƙata idan rana ta buɗe sosai, amma ba ya aiki da dare, kuma ƙarfinsa yana faɗuwa ƙwarai idan hadari ya rufe sama ko an kafa tanti a ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa. Janareta mai feda ba ruwansa da rana ko iska ko man fetur, ƙafafun mutum kaɗai yake nema. Sai dai kafin a sayi ko noti ɗaya, wajibi ne a san iyakar abin da ƙafafun nan za su iya bayarwa, domin a kan wannan ne duk sauran aikin ya tsaya.

Babban mutum mai lafiya wanda ba ɗan tsere ba ne zai iya riƙe ƙarfin wat 50 zuwa 100 na kimanin awa guda ba tare da ya galabaita ba. 'Yan tseren keke suna ninka wannan sau biyu ko uku, amma ba da su ya kamata a yi lissafi ba. Daga abin da ƙafa ta bayar kuma, wani kaso yana salwanta a sarƙa da bel, wani ya zama zafi a cikin moto, wani ya tafi a na'urar daidaita caji, ta yadda mai tuƙa wat 75 zai ga kusan wat 50 ne suke isa bakin batir. Batirin salular zamani yana ɗaukar wat-awa 10 zuwa 20 (wat-awa ɗaya shi ne wutar wat ɗaya na tsawon awa guda), saboda haka tuƙin awa guda ya isa ya cika salula biyu ko uku, ko ya riƙe fitilar LED mai wat 3 fiye da awa goma. Tafasa lita ɗaya ta ruwa kuwa yana cin kusan wat-awa 93, wato tuƙin kusan awa biyu, don haka a cire rai daga butar lantarki da duk wani abu mai samar da zafi. Wutar da za a samu kaɗan ce amma mai amfani, kuma ƙwarewar mai haɗa wannan na'ura tana cikin hana ta zubewa a hanya.

Zaɓen moto shi ne babban hukunci na farko. Tun a 1831 Michael Faraday ya nuna cewa idan naɗin waya ya motsa a cikin filin maganaɗisu, lantarki yana fitowa, kuma wannan ne ya sa moton lantarki da janareta suke abu ɗaya: idan aka ba shi wuta ya juya, idan aka juya shi ya ba da wuta. Abin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne moto mai maganaɗisu na dindindin, irin wanda ake sa wa ƙananan babura masu batir, mai bolt 24 da wat 250 zuwa 350. Nauyinsa bai wuce kilo biyu zuwa uku ba, wayoyi biyu kawai yake da su, kuma wutar da yake fitarwa mai tafiya gefe guda ce, irin wadda batir ke karɓa.

Mutane da yawa sukan fara tunanin altanetar mota, tunda aikinta ke nan a cikin mota, amma ina ba da shawara a bar ta. Altaneta ba ta da maganaɗisu na dindindin, sai an ciyar da naɗin cikinta da wuta kafin ta fara bayarwa, kuma wannan ciyarwa kaɗai tana iya cinye wat 30 ko fiye. Injin mota ba ya jin wannan asara, amma ga ƙafar mutum kusan rabin guminsa ne. Moton da ke cikin cibiyar ƙafar keke mai lantarki yana aiki da kyau kuma ba ya buƙatar bel, sai dai wutarsa mai kai da komo ce ta wayoyi uku, dole a bi da ita ta gadar dayod guda shida (dayod 'yar na'ura ce mai barin wuta ta wuce gefe guda kawai) kafin ta zama ta batir. Wanda ya saba da haɗa wayoyi zai iya bin wannan hanya, amma bayanin da ke tafe na moto mai wayoyi biyu ne.

Yanzu sai lissafin juyi, kuma a nan ne gizo ke saƙar, domin yawancin janaretocin da aka haɗa suka ƙi caji ba moto ne ya lalace ba, juyin ne bai kai ba. Bolt ɗin da moto ke fitarwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurin juyinsa. A duba ɗan farantin da ke jikinsa: idan an rubuta bolt 24 da juyi 2,700 a minti, to kowane bolt ɗaya yana neman juyi kusan 112. Domin cajin batir mai bolt 12 ta hanyar na'urar daidaitawa, ana son moto ya ba da bolt 17 zuwa 18 yayin da yake ɗauke da kaya, wato ana jan wuta daga gare shi. Bolt 18 sau 112 ya ba da kusan juyi 2,000, kuma tunda bolt yana zubewa idan an fara jan wuta, sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, a nemi juyi 2,500 a minti. Ƙafar mutum kuwa ta fi jin daɗi a juyi 60 zuwa 70 a minti. Ke nan ana buƙatar ninki kusan 38, kuma za a same shi ne a mataki biyu.

Mataki na farko yana jikin keke tun asali. Idan babban farantin feda yana da haƙora 48, kuma sarƙa tana kan ƙaramin faranti na baya mai haƙora 14, ƙafar baya za ta juya kusan sau uku da rabi a kowane juyin feda, wato juyi 223 idan ana tuƙa 65 a minti. Mataki na biyu yana tsakanin ƙafar baya da moto. Rim ɗin keke mai inci 26, idan an cire masa taya, faɗinsa kusan santimita 56 ne, saboda haka idan aka ɗaura bel daga gare shi zuwa fuli mai santimita 5 a kan shaf ɗin moto, ninkin zai zama 11 da ɗan ɗori, juyin moto kuma ya kai kusan 2,500. Keke mai giya da yawa ya fi dacewa, domin ko lissafi ya ɗan kuskure, sai a gyara shi da canja giya maimakon sake sayen fuli. Kafin a kai ga walda, yana da kyau a kama shaf ɗin moto da injin huda na hannu, a juya shi, a auna abin da ya fito da mitar awon wuta, a tabbatar cewa moton yana da rai.

Hanya biyu ce ake haɗa ƙafar baya da moto, kuma zaɓin ya danganta da yadda za a isa zangon. Ta farko ita ce ta bel: a cire taya da tif, a bar rim tsirara, bel ya kwanta a cikin kwarinsa. Ba ta da ƙara sosai, ba ta cika zamewa ba, asararta kuma kaɗan ce. A zaɓi siririn bel, domin mai kauri ba ya lanƙwasa da sauƙi a kan fulin santimita 5, yana cin ƙarfi yana kuma saurin tsagewa. Tsawonsa yakan kama kusan mita biyu, amma kada a saya da ka, a zagaya igiya a kan rim da fuli bayan an kafa su, a auna ta. Hanya ta biyu ita ce a sa wa shaf ɗin moto ɗan gangan ƙarfe ko na roba mai tauri, mai faɗin santimita 6, ya riƙa gugar taya kai tsaye. Tayar inci 26 tana da faɗin kusan santimita 66, don haka ninkin ya zo daidai da na bel. Wannan ta fi dacewa da wanda zai hau keken ya je zangon ya kuma dawo a kansa, amma sai da taya mai santsi wadda aka cika da iska sosai, domin taya mai ƙuraje tana ruri, tana girgiza moto, tana kuma ɓarnatar da ƙarfi. A ganina, wanda zai ɗauki kayansa a mota ya bi hanyar bel, ya tanadi wata ƙafar baya ta daban wadda ba ta da taya, ya riƙa musanyawa.

Mazaunin da zai ɗaga ƙafar baya daga ƙasa ba ya buƙatar dogon bayani. Ana iya amfani da tsayayyen mazaunin atisaye da ake sayarwa don keke, ko a haɗa na ƙarfen kwana ko na katako mai kauri: ginshiƙai biyu masu kama bakin aksil ta hagu da dama, a kan gindi mai faɗin aƙalla santimita 60 don kada ya kife idan mai tuƙi ya karkata. Tunda na tafiya ne, a haɗa shi da noti maimakon walda a ko'ina, yadda za a iya kwance shi a shimfiɗe. Abin da ke son natsuwa shi ne kujerar moto. A ɗaure moton a kan ɗan allo mai hinji a gefe guda, a bayan ƙafar keke, a sa dogon noti ko sifirin a ɗaya gefen, domin a iya ƙara ko rage taurin bel. Fuli da rim kuma dole su tsaya a layi ɗaya. A miƙa zare ko doguwar rula daga gefen rim zuwa gefen fuli a duba, domin karkata ta 'yan milimita kaɗan ta isa ta sa bel ya riƙa hawa bakin rim har ya fice. Taurin da ya dace shi ne wanda idan aka danna tsakiyar bel da yatsa zai ɗan lotsa kamar santimita ɗaya. Idan ya fi haka sako-sako zai zame, idan kuma ya yi tauri da yawa zai ci boris ɗin moto, mai tuƙi ya ji nauyin da ba ya zama wuta.

Ɓangaren wayoyi gajere ne, amma tsarinsa ba ya karɓar sauyi. Da farko a juya feda a hankali, a sa mita a wayoyin moto a gane wacce ce mai alamar + a wannan juyin, domin idan moto ya juya ta ɗaya gefen wayoyin suna musanya matsayi, kuma launinsu ba hujja ba ne. A kan wayar + ɗin a sa dayod, bakinsa mai zobe yana fuskantar ɓangaren batir. Aikinsa shi ne ya bar wuta ta wuce gaba ya hana ta komowa, domin in babu shi, da zarar an daina tuƙi batir zai mayar da wuta cikin moto, ƙafar keke ta kama juyi da kanta, cajin da aka tara ya tsiyaye. A nemi dayod irin na Schottky mai ɗaukar amfiya 15 zuwa 20, saboda abin da yake ci bai kai rabin bolt ba, alhali na gama-gari yana cin kusan bolt 0.7 ko fiye, kuma a manna shi a jikin ɗan guntun alminiyam don ya riƙa sheƙe zafi.

Bayan dayod sai na'urar daidaita caji, wato ƙaramin allon da ke rage bolt, mai maɓallan juyawa biyu, ɗaya na bolt ɗaya na amfiya. A zaɓi wadda za ta iya karɓar aƙalla bolt 40 a mashigarta da amfiya 10 a mafitarta, domin idan mai tuƙi ya zabura babu kaya a kan moto, bolt yana iya haura 30. Wasu sukan tsallake wannan na'ura su haɗa moto da batir ta dayod kaɗai, kuma gaskiya ne cewa babban batirin dalma yana iya jure hakan na wani lokaci idan ana sa ido a kan mita, amma ƙaramin batir ko na litiyam ba wurin wannan kasada ba ne. Daga na'urar sai mitar da ke nuna bolt da amfiya da wat, sannan fis mai amfiya 10 a kan wayar +, dab da kan batir, domin batir ko ƙarami ne yana iya narkar da waya ya tada gobara idan kawunansa biyu suka haɗu. A yi amfani da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5, gajera iyakar iyawa, a matse kowane mahaɗi da kyau, a rufe shi. Mitar kuma a ɗaura ta a kan keke inda mai tuƙi zai riƙa ganinta, domin da ita zai san saurin da ya dace.

Ana saita na'urar ne kafin a haɗa batir. Mutum ɗaya ya riƙa tuƙi, ɗaya ya juya maɓallin bolt har mita ta nuna 14.4, wanda ya yi daidai da batirin dalma rufaffe da kuma na litiyam irin LiFePO4 mai bolt 12, sai dai idan abin da aka rubuta a jikin batirin ya ce wani abu dabam, to shi za a bi. Daga nan a gwada da ƙwan mota mai wat 21, sannan da na babbar fitila mai wat 55. Wannan na biyun shi ne zai nuna wa ƙafa ainihin nauyin da za ta riƙa ɗauka, kuma idan bel zai zame ko mazauni zai yi rawa, a nan za a gani. Idan komai ya tsaya, a mayar da maɓallin amfiya ƙasa, a haɗa batir, a riƙa ɗaga shi a hankali ana tuƙi har a kai amfiya 3 zuwa 4. Wannan maɓalli shi ne yake yanke nauyin feda: idan an ɗaga shi da yawa mai tuƙi zai gaji cikin 'yan mintuna, juyi ya ragu, bolt ya faɗi, caji ya riƙa yankewa yana dawowa. Gara a tsaya a inda mutum zai iya tuƙi yana magana ba tare da haki ba.

Girman batir shi ma yana bin wannan lissafi. Ƙaramin batirin dalma mai 7Ah (wato amfiya-awa 7, ma'aunin wutar da batir ke riƙewa) ba ya son a ɗura masa fiye da amfiya 2 ko ɗan sama da haka, saboda haka ya yi ƙanƙanta. Mai 18Ah yana karɓar har kusan amfiya 5, yana riƙe wat-awa 216, amma rabinsu ne na amfani, domin sauke batirin dalma ƙasa da rabi a kai a kai yana gajarta ransa, kuma nauyinsa ya kai kilo biyar zuwa shida. Idan ya huta babu kaya a kansa, bolt 12.7 yana nufin ya cika, bolt 12.2 kuma yana nufin ya kai rabi. Na LiFePO4 mai 20Ah bai wuce rabin wannan nauyi ba, ana iya cin kusan duk abin da ke cikinsa, yana kuma karɓar caji da ƙarancin asara, don haka shi ne zaɓin wanda zai ɗauki kaya a baya. Sharaɗinsa biyu ne: ya kasance yana da allon kariya a cikinsa, kuma kada a yi masa caji idan sanyi ya kai ma'aunin daskarewar ruwa. A kuma sani cewa idan ya cika allon kariyar yana iya yanke caji farat ɗaya, feda ta saki ba zato, saboda haka a sassauta tuƙi idan an ga amfiya ta fara sauka.

Kada a haɗa salula kai tsaye da janareta. Ƙafar mutum ba ta tuƙi daidai wa daida, kowane juyi yana da wurin ƙarfi da wurin rauni, kuma batir shi ne tankin da ke karɓar wannan ruwa mai zuwa guntu-guntu ya sake shi a natse. Daga batir sai a ja soket irin na cikin mota, da nasa fis ɗin, a sa masa cajar USB mai mayar da bolt 12 zuwa 5. Fitilun LED masu bolt 12 suna haɗuwa kai tsaye, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma a nema mata cajar mota. Inbata ba ta da gurbi a wannan tsari sai dole, domin ɗaga wuta zuwa ta gida sannan caja ta sake sauke ta asara ce sau biyu, kuma inbata tana cin wuta ko babu abin da aka jona mata.

A zangon kuwa, a bar gida da batir cike, janareta ya zama mai mayar da abin da aka ci kullum, domin ɗaga batirin 18Ah daga rabi zuwa cikawa yana neman tuƙin awa biyu da rabi ko fiye. Salula biyu da fitila mai wat 3 ta awa huɗu suna cin kusan wat-awa 45 a yini, kuma an fi samun sauƙin biyansu idan aka raba tuƙin zuwa zama uku na minti ashirin ashirin, ko aka yi karɓa-karɓa tsakanin abokan tafiya. A kafa mazaunin a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa allo a ƙarƙashinsa idan ƙasar yashi ce ko laka, a ɗora ƙafar gaba a kan guntun katako don keken ya daidaita, a kuma ɗaga sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Jikin mutum yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfinsa zuwa aiki, sauran zafi ne, kuma tunda keken a tsaye yake babu iskar tafiya da za ta busar da gumi, don haka a yi tuƙi da sassafe ko da yamma a cikin inuwa, da ruwan sha a kusa.

Bel da sarƙa da sifok suna kama yatsa da bakin tufa cikin ƙiftawar ido, saboda haka a yi wa fuli murfi, a naɗe ƙafar wando, a kuma hana yara matsowa bayan keken yayin da yake juyi. Batir da na'urar daidaitawa su zauna a cikin akwatin roba mai 'yan hudoji na shan iska, a inuwa, nesa da wutar girki, kuma batirin dalma mai ruwa a buɗe kada a yi masa caji a cikin tanti, domin yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Bayan minti goma na farko a tsaya a taɓa moto da dayod da mahaɗan wayoyi: ɗumi ba laifi ba ne, amma mahaɗin da ya yi zafi alama ce ta cewa bai matsu ba. Da dare a cire wayar batir, a sassauta bel, a lulluɓe moto da leda saboda raɓa da ƙura. A cikin jakar kayan gyara kuma kada a rasa fis biyu ko uku, da dayod ɗaya na ajiya, da bel na biyu idan akwai wuri, da sifana mai daidai da notin aksil, da ƙaramar mita.